Katifar Inna da takardun da suka biyo ta

Inna ta zo Yamai daga Tawa a farkon watan Afrilu don ganin likita, saboda ciwon baya ya kai ta ga ko buta ba ta iya sunkuyawa ta ɗauka. Na sauke ta a ɗakin baƙi, kan katifar soso da muka saya tun shekarar da aka haifi babbar ƴata. Kwana uku ba ta ce uffan ba, irin kawaicin nan nasu na manya. A na huɗu na fito sallar asuba, na hango ta ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta kwanta. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Gadon nan naka ne, in na hau sai in ji kamar an ajiye ni cikin ƙwarya." Na je na danna tsakiyar katifar da tafin hannu. Ramin da na yi bai ko motsa ba.

Da ni kaɗai ne, sabuwar soso zan sayo a wuce wurin. To amma bara da ƙanena ya sai mata sabuwa a Tawa, warinta ya sa ta tari har sai da aka jingine katifar a zaure mako biyu. Ina cikin wannan tunani ƙanwata da ke aure a Faransa ta turo saƙon murya a WhatsApp: "Yaya, ka nemi ta lateks, amma ka tabbata biyo ce, ni zan biya rabi." Na ce to, kamar na san abin da take nufi.

Shagon farko da na shiga yana bayan Babbar Kasuwa. Mai shagon ya tare ni da "Alhaji, ka zo gida," ko da yake ban taɓa taka Makka ba. Ya jawo wata katifa fara sol cikin leda, da hoton koren ganye a kusurwa, an rubuta "latex naturel" da manyan baƙaƙe. Jika ɗari uku da hamsin, in ji shi, kuma don ni ne. Na ce a buɗe zif ɗin rigar in ga cikinta. Ya ce ai in an yage leda ta zama tsohuwa. Ban ja da shi ba, na dai ɗauki hoton ƴar takardar da aka ɗinke a gefe, wadda ke da tambari guda biyu ƙanana, na ce zan dawo.

Da dare, bayan an maido wuta, na zauna na rubuta sunan tambarin farko a waya: CertiPUR. Nan na fara jin ƙanshin abin. Wannan shaida ce ta soso, wato kumfar da ake yi da sinadaran man fetur, irin dai wadda Inna ke gudu. Ana ba da ita ne don a nuna cewa an gwada sosan ba a samu wasu abubuwa masu cutarwa sun wuce ƙa'ida ba. Shaida ce mai kyau a wurinta, amma ba ta da haɗi da lateks. In ka gan ta a jikin katifa, to akwai soso a ciki. Washegari na koma na ce wa mai shagon cinikin biri a sama ba zai yiwu ba, ko a buɗe ko in tafi. Ya sa yaronsa ya yanka ledar ta gefe ɗaya, aka ja zif. Lateks ɗin yana nan kuwa, mai ƴan huji-huji, amma kaurinsa bai fi yatsu biyu ba. Duk abin da ke ƙasa soso ne ruwan ɗorawa. Abin da ya ba ni mamaki, mai shagon ma leƙawa ya yi yana cewa "Ikon Allah." Na yarda bai taɓa buɗewa ba. Abin da aka faɗa masa a inda ya saro shi yake maimaitawa.

Ya ce to ga wata, wannan kam "100% latex" ce daga sama har ƙasa. Gaskiyarsa, da aka buɗe babu soso ko kaɗan. Saura ƙiris in biya. Abin da ya tsayar da ni kawai shi ne ban ga kalmar "naturel" a jikinta ba, alhali wadda ta gabata, mai yatsu biyu, ta rubuta ta da girma.

Wanda ya fara warware mini zaren ba ɗan boko ba ne. Kawuna ne da ke zaune a unguwar Bukoki, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a Kodebuwa kamar yawancin mutanen Adar na zamaninsa, wasu shekarun a gonar roba wajen San Pedro. Na kai masa gaisuwa, hira ta kawo mu kan katifa. Da na ce lateks, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai danƙo ne. Ni na tsage shi da hannun nan." Ya ba ni labarin yadda suke fita tun duhun asuba da fitila ɗaure a goshi, kowa da layin itatuwansa. Wuƙar tana da ɗan lanƙwasa a baki. Za ka fere ɓawon a karkace, siriri kamar ɓawon albasa, in ka zurfafa ka ji wa itacen ciwo. Sai farin ruwa ya biyo tsagar yana ɗiga cikin ɗan kofi da aka ɗaure a jikin itacen. "Kamar nonon tumfafiya," in ji shi, "sai dai wannan ya fi kauri." Itace sai ya shekara shida ko bakwai kafin a fara taɓa shi. In aka bar ruwan a kofi ya kwana sai ya daskare ya yi ɗoyi, ya ce har yau in ya tuna warin sai ya ji shi a maƙoshi. Ya ƙara da cewa tsakanin layukan, feshin maganin ciyawa suke yi da tulu a baya. Na riƙe wannan maganar, don daga baya ta yi mini amfani.

Sauran na haɗa shi da karatu. Asalin itacen daga dajin Amazon yake a Barazil. Yau Tailan ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Kodebuwa kuma a Afirka. Ruwan da za a yi katifa da shi ba a bari ya daskare, ana zuba masa amoniya tun daga gona. A masana'anta sai a haɗa shi da sabulu, da farar wuta, da wani farin garin zinki, a burge shi kamar yadda ake burga nono har ya tashi ya yi kumfa, a juye cikin wani babban kasko mai ƙusoshi a tsaitsaye, a rufe, a turara kamar alala. Ƙusoshin nan su ke barin hujin da ake gani. Daga nan a wanke, a busar. Ana kiran wannan hanya Dunlop, tun 1929 kamfanin da ke da wannan suna ya fito da ita a Ingila. Farar wutar ita ke sa danƙon ya tsaya da ƙarfinsa, in babu ita zai yi ta nas-nas ne in an yi zafi. Ke nan babu wata katifa a duniya da za a ce ruwan itace ne zalla ɗari bisa ɗari. Dole akwai ɗan kason kayan haɗi.

Akwai kuma lateks ɗin da bai taɓa ganin itace ba, wanda ake haɗawa daga man fetur. Jamusawa ne suka fara irinsa kafin yaƙin duniya na biyu, Amurkawa suka yawaita shi lokacin yaƙin da aka datse musu hanyar samun roba daga Asiya. Shi ma sunansa lateks, shi ma ana yi masa huji. Don haka "100% latex" abin da take cewa kawai shi ne babu soso a ciki. Ba ta gaya maka ko na itace ne ko na fetur ko gauraye. A kasuwar Faransa, inda rubutun kayanmu da yawa ke koyi da ita, sai na itacen ya kai kashi 85 cikin ɗari ake kiran katifa ta lateks na asali. Katifa ta biyu da na kusa biya, masu ita sun san abin da ya sa suka bar waccan kalmar.

"Biyo" kuwa, wadda ƙanwata ta jefo mini kamar abu mai sauƙi, magana ce ta gona. Tana nufin itacen ya tashi ba takin zamani, ba feshin nan da Kawu ya goya a baya, kuma an shekara uku ana haka kafin a yarda gonar ta tsarkaka. Ba abu ne da ido ko hanci zai gane a jikin katifa ba. Ganyen da aka zana a leda kuwa, ko ni zan iya kai wa mai buga takardu ya buga mini dubu kafin la'asar. Abin da ke tsaya wa wannan magana shi ne shaidar da ake kira GOLS, wadda wani kamfanin bincike na Holan mai suna Control Union ya kafa a 2012. Sharaɗinta, aƙalla kashi 95 cikin ɗari na nauyin kayan ya zama danƙon gonar biyo, ba a yarda a gauraya da na fetur ba, ana auna abin da katifar ke fitarwa a iska, ana kuma duba yadda ake tafiyar da ma'aikata. Duk shekara masu bincike ke komawa.

Da wannan ɗan ilimi na nufi wani babban shagon kayan ɗaki a unguwar Filato, irin mai sanyin kilimatize da yaro a ƙofa. Ina ambatar GOLS sai saurayin da ke kula da wurin ya yi murmushi ya buɗe durowa ya miƙo mini takardu biyu cikin leda. Na ji daɗi, na ce yau an zo wurin. Matsalar ita ce da Ingilishi aka rubuta su, ni kuwa Faransanci na karanta. Na roƙi a bar ni in ɗauki hoto, na kai wa maƙwabcina da ke koyar da Ingilishi a lise. Muka zauna a ƙofar gida bayan magariba, shayi na kan wuta, yana karantawa yana fassara mini layi-layi.

Takarda ta farko ta OEKO-TEX ce. Wannan tun 1992 take, cibiyoyin gwaji na Jamus da Ostiriya ne suka fara ta, ofishinta yana Zurik. Aikinta gwada kaya a ɗakin bincike don a ga ko akwai guba irin su dalma, ko ragowar maganin ƙwari, ko sinadarin nan mai yaji a ido da ake kira formaldehid. Tana da aji huɗu, na ɗaya shi ya fi tsanani don na kayan jarirai ne zuwa shekara uku. Ba ruwanta da gona, kayan fetur ma suna samunta in sun ci gwajin. Kowace takarda tana da lamba da sunan cibiyar da ta yi gwajin, kuma a shafinsu na intanet akwai wurin da za ka rubuta lambar ka ga ko tana raye. Muka rubuta. Tana raye. Har na fara murna, sai malam ya ce, "Tsaya, mu ga me aka gwada." Ya karanta layin da ke bayyana kayan: yadin saƙa na rigar katifa. Rigar kaɗai. Abin da ke cikin rigar, wanda shi ne kusan duk nauyin da duk kuɗin, takardar ba ta san da zamansa ba.

Ta biyu ita ce ta GOLS, da lambarta mai farawa da CU, da sunan wata masana'anta a Siri Lanka. Ba jabu ba ce a ganina. Amma ranar ƙarewarta ta wuce da shekara biyu. Kuma ko da tana raye, malam ya nuna mini cewa irin wadda ake ba masana'anta ce, mai cewa wannan gida yana da izinin yin lateks ɗin biyo. Masana'anta ɗaya tana iya yin na biyo a wannan layi, ta yi na gama-gari a wancan. Akwai wata takardar dabam da ke bin kayan da aka sayar, mai ɗauke da sunan mai saye da yawan kayan da ranar da aka yi lodi. Na tuna da mahauta. Don mutum yana da izinin yanka ba shi ke nuna cewa cinyar da ke rataye gabanka ta bi ta hannun likitan dabbobi ba, sai ka ga hatimi a jikin naman. Na koma na tambayi saurayin wannan takarda ta biyu. Ya kira maigidansa a waya, suka daɗe suna magana, ya dawo ya ce za a tambayi wanda ya turo kayan. Na jira mako ɗaya, na sake kira sau biyu, daga nan na haƙura.

A jikin rigar waccan katifar akwai kuma tambarin GOTS, mai hoton farar riga cikin koren da'ira. Harafi ɗaya ya raba ta da GOLS, kuma na tabbata mutane da yawa a nan suke zamewa. Ita ta auduga ce da ulu, wato yadi. Kashi 95 na zaren ya zama na biyo kafin a rubuta biyo kai tsaye, in kashi 70 ne sai a ce an yi shi da na biyo. Ba ta cewa komai game da danƙo.

Duk wannan yawon Inna tana kan tabarma. Uwargida ta fara yi mini kallon wanda ya mai da sayen katifa karatun digiri. Sai na zauna na tambayi kaina me nake nema tun farko. Abu biyu ne: bayan Inna ya samu abin da zai tallafe shi, kuma kada wari ya tayar mata da tari. Shaidar biyo, a fahimtata, babban amfaninta yana komawa ne ga ƙasar gonar da mutane irin Kawu da ke shaƙar feshi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da na samu ta gaskiya a kuɗin da zan iya, da na saya. Amma ba zan biya kuɗin biyo a kan takardar da ta mutu ba. Na kira ƙanwata na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma bari ta je ta duba tata.

Inda na saya a ƙarshe wurin wata Hajiya ce da ke shigo da kayan ɗaki ta tashar Lome, shagonta ba shi da wani ado. Da na fara jero tambayoyi ta ce, "Malam, ni ban san biyo ba, ban kuma ce maka biyo ce ba. Ga abin da suka ba ni, ka duba da kanka." Takardar OEKO-TEX ce, aji na ɗaya, saura wata biyar ta ƙare, kuma a layin kayan an rubuta kumfar lateks, ba riga ba. Sunan masana'antar Tailan da ke kan takardar shi ne a kan kwalin, shi ne kuma a ƴar takardar da ke manne a jikin danƙon kansa da muka buɗe zif. Kason na itace kuwa a takardar bayanin masana'anta yake, ya haura 85 ɗin nan. Wannan maganar masu kaya ce, ba wani na waje ya tsaya mata ba, na kuma san da haka na karɓa. Na dai roƙi Hajiya ta rubuta shi da hannunta a kan faktir, wato rasit, tare da lambar takardar OEKO-TEX ɗin. Ta yi dariya ta ce tunda take ciniki ba a taɓa sa ta rubutu mai tsawon wannan ba, amma ta rubuta.

Gwaji na ƙarshe na sikeli ne. Lateks abu ne mai nauyi. Takardar masana'anta ta ce kilo 80 a kowane ma'aunin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗai-ɗai ne. Katifar santimita 140 ce a faɗi, 190 a tsawo, kaurin danƙon 15. In ka buga lissafi, wajen kilo 32 ya kamata ta yi, ban da riga. Soso mai girman haka da ƙyar ya wuce kilo goma sha biyu. Muka aro sikelin mai sayar da shinkafa da ke maƙwabtaka da shagon, yara biyu suka naɗe ta suka ɗaure da igiya suka ɗora. Kilo 35. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, domin akwai masu zuba garin alli a cikin kwaɓin don ya yi nauyi a kuɗi kaɗan, irin wannan kuwa ba ta daɗewa take fara marmashewa. Amma da ya zo daidai da takarda, hankalina ya kwanta. Na sa hanci a jikinta: ɗan ƙanshi kamar na sabon balan-balan na yara, ba mai hawa kai ba. Kafin in biya na kira likitan Inna, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da danƙo. Ya tambaye ni ko safar hannun asibiti ta taɓa sa ta ƙaiƙayi ko kumburi. Ba ta taɓa ba.

Shigar da ita gida ma aiki ne. Ba ta tsayuwa kamar soso, lanƙwashewa take kamar an ɗauko maraƙi mai barci, sai da mutum uku suka kama. Kafinta ya cire falankin gadon ya sa katakai jere da ƴar tazara a tsakani don iska ta riƙa bi ta ƙasa. Na bar ta a ɗaki da taga buɗe kwana biyu kafin Inna ta hau. Safiyar farko na tambaye ta yaya ta kwana. Ta ce, "Ban san sanda aka kira assalatu ba." Tari kuwa babu.

Rigimarmu ɗaya da ita a kan rana ce. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar ta sa yara sun jawo katifar har bakin ƙofa, an tuɓe rigar, za a shanya a tsakar gida kamar yadda aka saba yi wa kowace katifa. Na ce, "Inna, don Allah a mai da ita. Wannan rana ce ajalinta." Ta ce wace irin katifa ce ba ta son rana a ƙasar da rana ta fi komai yawa. Na nuna mata tsohon silifas na roba da ya shekara a bayan ɗaki, ya bushe ya tsattsage. Ta juya shi a hannu, ta ce a mai da. Rigar ake cirewa a wanke a shanya, danƙon kuma ya sha iska a inuwa. Da zafin watan Mayu ya tsananta aka koma kwanan tsakar gida, ba mai iya jan kilo 35 kullum dare a mai da shi kafin hantsi, sai ta zaɓi zama a ɗaki da fanka, in an ɗauke wuta ta fito kan tabarma har a maido.

Da likita ya sallame ta, ta ce ƙafarta ƙafar katifarta. A tasha kamasho ya dube ta a naɗe ya ce sama za ta hau, tare da buhuna. Na tuna tafiyar, fiye da kilomita ɗari biyar ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wuni guda cikin rana. Na ce a'a, a cikin ɗakin kaya na ƙasa za ta shiga, nesa da inji. Ya ce kuɗin mutum ɗaya zan ƙara. Muka yi ta ja har muka tsaya a rabi. Inna tana zaune gefen taga tana kallonmu, faktir ɗin Hajiya a ninke cikin jakarta tare da takardun asibiti, don ta ce in ƙanena ya tambaye ta me ya sa ba a shanya ta, shi za ta miƙa masa.